Tambaya da Amsa: Tsarin ilimin kimiyya na jiha, daga ina ake farawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a jihar Kano. Tun da aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 muke ta jin maganar sai an ba kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi muhimmanci, amma ni a ajina akwai yaran da suka shigo SS1 ba su iya rabawa ba, wasu ma sau-sau bai zauna musu ba. Wai in da gaske ake, daga ina jiha za ta fara tsarawa? Daga wata malama a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya saka miki da alheri kan wannan aiki. A ganina daga ƙasa za a fara, daga malamin lissafi na firamare da ƙaramar sakandare, kafin a zo maganar kwamfuta da sabon gini.

Kano fa ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A 1977, zamanin gwamnan soja Sani Bello, aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda a lokacin jihar ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta, asibitoci da ma'aikatu sun dogara da baƙi. Aka yi musu hukumarsu daban, wadda ta zama hukumar makarantun kimiyya da fasaha, ana yi wa yara jarrabawa a zaɓo masu ƙoƙari a kai su makarantar kwana mai ɗakin gwaje-gwaje da malamai. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu ta faɗa Jigawa bayan raba jihar a 1991. Kuma abin ya yi aiki wallahi, in kika shiga asibitocin Kano da jami'o'inta yau za ki tarar da tsofaffin ɗaliban Dawakin birjik, wasu furofesoshi wasu manyan likitoci.

To amma wancan tsari na tsince ne, ka ɗebo 'yan kaɗan da suka riga suka iya ka ƙara musu. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba za ta tsaya nan ba, don yarinyar da kike magana wadda ta zo SS1 ba rabawa, tun a aji uku ko huɗu na firamare aka bar ta a baya, kuma ko jarrabawar shiga makarantar kimiyyar ma ba za ta ci ba balle a ce ta amfana da ita.

Don haka abu na farko ƙidaya ce ta gaskiya, makaranta-makaranta: malaman lissafi nawa, na fiziks nawa, na kemistiri nawa, kuma wa yake koyar da abin da ya karanta. Sau da yawa za ki ga birni malamai sun cunkushe, ƙauye kuwa mutum ɗaya ne ke ɗauke da darussa uku, ko a ɗauko wanda ya karanta wani fanni daban a ce ya riƙe lissafi kafin a samu, shi ke nan an barshi da shi shekara da shekaru. Idan ba a san wannan adadin ba duk abin da aka rubuta a takarda kintace ne kawai.

Daga nan sai a zauna da wuraren da ke horar da malamai, irin su Sa'adatu Rimi da kwalejin ilimi ta fasaha ta tarayya da ke Bichi, da jami'ar Aliko Dangote ta Wudil da Bayero, a ce musu ga yawan malaman da muke buƙata cikin shekara biyar. Kuma a sa alawus na musamman ga mai koyar da kimiyya a karkara, in ba haka ba yana samun wata hanya zai tafi, ba kuma za a ga laifinsa ba.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba. Firamare na hannun SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, manyan sakandare na da hukumarsu, makarantun kimiyya na da tasu, manyan makarantu na ƙarƙashin wata ma'aikatar. Kowa na jan nasa. Tsarin jiha na gaske dole ya haɗa su teburi ɗaya, a kuma san mutum ɗaya da za a tambaya in abu bai tafi ba. Kuɗi ma haka, tallafin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ba ya fitowa sai jiha ta ajiye nata kason daidai da shi, saboda haka a rubuta ƙarara cikin kasafi nawa ne na kayan firaktikal, nawa ne na horar da malamai, ba a dunƙule komai a ce "ilimi" ba.

Kwamfuta kam ana buƙata, tunda JAMB ma da ita ake rubutawa, amma a kai ta tare da sola da mai gyara. Kada kuma a manta da kwalejojin fasaha masu rubuta NABTEB, wato jarrabawar kammala karatun fasaha da kasuwanci, ba kowane yaro ne zai zama likita ba, jiha na buƙatar masu walda da masu haɗa wutar sola da makanikai da suka san lissafin aikinsu.

Ke kuma a naki ajin Malama, kafin tsarin ya iso, ki yi wa yaran ɗan gwaji a makon farko ki ware waɗanda ke buƙatar komawa kan sau-sau da rabawa, ki roƙi shugabar makaranta ta ba ki ko da darasi biyu a sati dominsu. Ki rubuta sakamakon ki ajiye, sannan ke da abokan aikinki ku miƙa shi ofishin shiyya a rubuce, da sunan makaranta da adadin yaran.