Tambaya da Amsa: Me Masu Sa Ido na Ƙasashen Waje Suke Tsinana Mana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin babban zaɓe muna jin cewa Tarayyar Turai da Tarayyar Afirka da ECOWAS sun turo masu sa ido, amma ban taɓa ganin ko ɗaya a rumfar da nake kaɗa ƙuri'a ba, kuma ko sun yi suka ba a sake zaɓen. Shin zuwansu yana ƙarfafa dimokuraɗiyya kuwa?
Daga wani malamin makaranta, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Rashin ganinsu a rumfarku ba abin mamaki ba ne, domin a zaɓen 2023 Nijeriya tana da rumfunan zaɓe 176,846, alhali tawagar Tarayyar Turai ba ta kai mutum 200 ba. Sukan zaɓi wasu rumfuna ne su duba lokacin da aka buɗe, ko na'urar BVAS tana tantance mutane, da kuma yadda aka ƙirga ƙuri'u a gaban wakilan jam'iyyu.

Matsayinsu na shaida ne kawai. Ƙa'idojin da aka amince da su a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2005 sun hana su tsoma baki a aikin zaɓe, sai da gayyatar ƙasa suke zuwa, kuma soke zaɓe hurumin kotu ne. Amma shaidar tana da nauyi. Bayan zaɓen 2007, wanda tawagar Turai ta ce ya gaza cika mizanin da duniya ta yarda da shi, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyaran tsarin zaɓe, wanda ya miƙa rahotonsa a ƙarshen 2008. Da wuya a ce hakan zai faru in da na gida da na waje sun yi gum.

Sai dai su ma sukan yi tuntuɓe. A Kenya, cikin watan Agustan 2017, manyan tawagogi, ciki har da wadda tsohon sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ya jagoranta, sun yaba da yadda aka kaɗa ƙuri'a, sai ga Kotun Ƙolin ƙasar ta soke zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Satumba saboda kurakuran aika sakamako. A Malawi ma kotu ce ta soke zaɓen 2019, bayan an gano takardun sakamako da aka goge da farin ruwan gyaran rubutu. A ƙasashen biyu ɓarnar ta faru ne bayan jama'a sun watse daga layi, wato wajen tattara alƙaluma, inda idon baƙo bai cika kaiwa ba. Mun ɗanɗana irin wannan ranar 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa IReV, shafin intanet da hukumar INEC ke nuna sakamakon rumfuna a kai, a kan lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yi da rahotonsu na ƙarshe, wanda yake fitowa bayan watanni, lokacin da kowa ya koma harkarsa. Na Tarayyar Turai ya fito a watan Yunin 2023 ɗauke da shawarwari 23, har da hukunta masu maguɗi da gyara hanyar naɗa shugabannin hukumar zaɓe, abin da kwamitin Uwais ya nema tun da daɗewa. Wanda ya ci yakan yi watsi da rahoton, wanda ya faɗi ya tsinci layin da ya yi masa daɗi, su kuma 'yan majalisar da za su mayar da shawarwarin doka ba mai matsa musu.

Ku mutanen Jos kun san wani giɓin ma. Rikicin Nuwamban 2008, wanda ya ci rayuka ɗaruruwa, ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ne, irin zaɓen da hukumomin jihohi ke gudanarwa kuma tawagogin waje ba su cika leƙawa ba. A nan sai ƙungiyoyin gida irin su Yiaga Africa, da 'yan jarida, da ku kanku. Saboda haka, Malam, ranar zaɓe ka tsaya a ƙirga a gabanka, ka tabbata wakilai sun sa hannu a takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, an kuma manna sakamakon a bango, sannan ka ɗauki hotonsa da wayarka kafin ka bar wurin.