Waya da ranar tsere: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam barka da aiki. Na yi rajistar tseren kilomita 10 da za a yi a kan titi a hutun nan, to amma duk sanda na fita atisaye da Strava, manhajar nan mai ƙirga nisan gudu, sai in ga ta daina ƙirge tun a rabin hanya, taswirar ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe kamar tashi sama na yi. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau ɗan'uwa, tsarin tattalin batir ne ke maka wannan aika-aikar. Wayoyin Android da yawa da zarar sikirin ya mutu ka jefa ta aljihu sai su kwantar da manhajojin da ke aiki a bayan fage, ita kuma Strava in aka yanke mata GPS, wato abin da ke nuna mata inda kake, ba ta da abin yi sai ta haɗa inda ta gan ka ƙarshe da inda ta sake ganinka, shi ne layin nan. Ka shiga saitin batir ka cire mata takunkumi, ka ba ta izinin ganin ainihin inda kake, sannan ka kashe tattalin batir kafin ka fara. Kuma don Allah ka gwada a atisaye ko sau biyu ne, kar kuma ka sabunta manhajar a daren jajibiri, ni dai ban taɓa ganin amfanin wannan gangancin ba.

Tambaya: Ina so 'yan gida su riƙa ganin inda nake a hanya, data nawa zan saya?

Amsa: Ba data ce matsalar ba Hajiya, sabis ne. Dubban mutane a waje ɗaya kowa na loda hoto, eriyar da ke wajen ba za ta iya ɗauka ba, za ki ga sabis cike fal amma saƙo ya ƙi tafiya. WhatsApp na barin ki nuna inda kike kai tsaye na minti 15 ko awa 1 ko awa 8, ki zaɓi 8 tun kafin ki shiga cunkoso. Duk da haka ku tsayar da wajen haɗuwa baki da baki. Shi GPS karɓa kawai yake daga tauraron ɗan'adam, ko babu data zai ƙirga miki tafiyarki.

Tambaya: Bara agogona ya nuna na yi fiye da kilomita 10, lokacin ma ya sha bamban da wanda aka rubuta min. Wa ya yi ƙarya?

Amsa: Ba wanda ya yi. Masu awon hanya layi mafi gajarta suke bi, kai kuwa kana kauce wa mutane, kana faɗaɗa kwana, ga dogayen gine-gine na rikita GPS. Lokacin kuma ɗan cip ɗin da ke bayan lambar ƙirjinka ne ke kamawa sanda ka taka shimfiɗar nan ta layin farawa da ta ƙarshe, kuma a babban tsere sai ka yi mintuna kana jan ƙafa kafin ma ka kai layin. Saboda haka kar ka danna agogo da jin ƙarar tashi, bari sai ƙafarka ta hau shimfiɗar. Lambar kuma kar ka naɗe ta, kar ka rufe ta da riga ko jaka.