Riga ba mai ita, ta yaya ta zama hoton mutum?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon zane. Na ga wasu ayyukan Ba'amurken nan Jim Dine, rigar wanka ce tsaye, ba kai ba fuska, amma aka ce wai hoton kansa ne. Ya abin yake?

Amsa: Malama, ba a yi miki ƙarya ba. An haifi Dine a 1935 a birnin Sinsinati na jihar Ohayo. A 1964 ya ci karo da tallar rigar wanka a jaridar New York Times, ba kowa a cikinta, sai ya ji kamar shi ne a ciki. Tun daga nan ya riƙe ta, yana ta maimaita ta shekara da shekaru.

Ki sake duba ta da kyau. Hannayen a tanƙware suke, kamar mai riƙe da ƙugu, ƙirji a buɗe, ɗamara a ɗaure. Tsayuwar mutum ce, mutumin ne kawai aka cire. To da yake siffar ba ta canzawa, abin da ido ke kamawa shi ne abin da ya canza: yau launi ya yi ja wur, gobe baƙi ƙirin, jibi an karce ta har ta kusa ɓacewa. A nan halin mai zanen ke fitowa.

Aikin bugu ya dace da wannan ƙwarai. Ana karce farantin jan ƙarfe, asid ya ci wurin, a shafa tawada, a goge, a matse da takarda mai laima. Farantin na nan bayan an buga, don haka Dine kan koma masa ya ƙara karta, wani lokaci har da injin lantarki, abin da wasu masu sana'ar ke gani kamar ganganci.

Ni dai kayan aikinsa sun fi taɓa ni fiye da rigar. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 12, ya koma hannun kakanninsa, kuma danginsa na da shagon sayar da kayan aiki. Saboda haka guduma da filaya da sifana da kike gani a bugunsa, irin jerin guda goma da ya fitar a 1973, ƙuruciyarsa ce. Zuciyar da yake yawan zanawa kuwa, a ganina ta yi yawa har ta fara salancewa.

In za ki gwada, kada ki ari rigar Dine. Nemi abin da hannunki ya saba da shi, ki buga shi sau goma a faranti ɗaya, ki jera takardun a bango.