Bambancin bourbon, rye da wiskin alkama: amsa ga ƙanenmu mai sabon aiki a otal

Ƙanena, barka da samun aiki, Allah ya sa albarka. Ka ce an tura ka ɓangaren mashaya a otal ɗin da ka fara aiki a Abuja, baƙi suna tambayarka bambancin bourbon da rye da wiskin alkama, kai kuma duk kwalaben iri ɗaya kake ganinsu, kana neman a gaya maka yadda ake ɗanɗanawa har a gane mai kyau. Na ga wasu sun riga sun yi maka nasiha a kan aikin kansa. Wannan tsakaninka ne da iyayenka da malamanka, ni ba Musulmi ba ne, ba zan sa baki ba. Abin da ka tambaya shi zan amsa, don na daɗe ina tsaron kanta a wani gidan abinci a Louisville ta jihar Kentucky, garin da kowane baƙo yake jin shi ne malamin bourbon.

Kafin ka kai komai baki, koyi karanta takardar da ke jikin kwalba, don a Amurka waɗannan sunaye doka ce ta tsare su. Ba a kiran wiski bourbon sai an yi ta a cikin Amurka, masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka dafa, sannan an zuba ta a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta da wuta. Ba a tace ta ta wuce kashi 80 na ƙarfin barasa, ba ta shiga ganga da fiye da kashi 62.5, ba a kuma ɗura ta a kwalba ƙasa da kashi 40. Ba a sa mata kala, ba a sa mata sukari. Jan nan da kake gani daga itace ya fito, don lokacin da ta sauko daga tukunyar tacewa fara ce tas kamar ruwa. Tun 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana ta a matsayin kayan ƙasar na musamman. Mutane da yawa sun ɗauka dole sai a Kentucky ake yin ta. Ba haka ba ne, ko'ina a Amurka ana iya yi, sai dai mafi yawanta nesa ba kusa ba daga Kentucky take fitowa.

Rye da wiskin alkama dokarsu kusan ɗaya ce da ta bourbon, hatsin da ya yi rinjaye ne kawai ya sauya. Idan rye ya kai kashi 51, wiskin rye ce. Idan alkama ce ta kai, wiskin alkama ce. Shi rye ɗin hatsi ne na ƙasashen sanyi, dangin alkama da sha'ir, ba ma noma shi a wajenmu, shi ya sa ba ka san ƙanshinsa ba.

To ga inda sababbi suke ruɗewa. Tunda duka ukun a sabuwar babbakakkiyar ganga suke kwana, abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su yawa. Wutar da ake cinna wa cikin gangar, wadda sau da yawa ba ta kai minti ɗaya ba, tana narkar da sukarin da ke jikin itacen, ta kuma fito da ƙanshin banila da ɗan na kwakwa. A Kentucky bazara da zafi, hunturu da sanyi mai tsanani, don haka wiskin tana kutsawa cikin itacen idan ya buɗe, ta fito idan ya tsuke, shekara bayan shekara. Gangar da ke saman bene a sito ta fi shan zafi, ta fi ƙarfi da duhu, ta ƙasa kuma ta fi laushi, alhali rana ɗaya aka cika su. Saboda haka idan ka shinshina kofi uku ka ji banila da ƙonannen sukari irin na mazarƙwaila a cikin dukkansu, hancinka bai yi ƙarya ba, gangar kake ji. Abin da za ka koya shi ne ka ajiye wannan gefe guda ka nemi abin da ke bayansa, wato hatsi.

Masara zaƙi take bayarwa da kauri a baki. Rye yaji yake bayarwa, irin na masoro da kanumfari da kirfa, wani lokaci da ɗan ƙanshin na'ana'a ko ɗanyen ganye, kuma yana barin baki a bushe. Alkama ba ta da rigima. Ba wai ta fi zaƙi ba ce kamar yadda ake yawan faɗa, a'a, ba ta da yajin da zai danne zaƙin masara da na itace ne, sai su fito fili, ka ji abu mai laushi da ɗan ƙanshin burodi da zuma.

Akwai wani tarko da ya kamata ka kiyaye. Bourbon mai alkama daban, wiskin alkama daban. Yawancin bourbon masara ce da ɗan rye da ɗan tsiron sha'ir. Wasu gidaje suna cire rye ɗin su sa alkama a madadinsa, amma masara ce dai mai rinjaye, don haka tana nan a bourbon ɗinta. Maker's Mark, mai jan kakin nan a wuya da ake yi a Loretto, ita ce misalin da za ka fi samu a kantarka: masara kashi 70, alkama 16, sha'ir 14. W.L. Weller da Pappy Van Winkle, waɗanda ake yi a masana'antar Buffalo Trace da ke Frankfort, su ma bourbon ne masu alkama, da Larceny ta kamfanin Heaven Hill. Ita kuwa wiskin alkama ta ainihi ba ta da yawa ko a Amurka. Wadda aka fi sani ita ce Bernheim Original, wadda Heaven Hill ya fitar a 2005. Idan baƙo ya ce maka yana son ta alkama, kusan kullum irin su Maker's Mark yake nufi, amma ka tambaye shi.

Rye ma ba ɗaya ba ce. Akwai wadda da ƙyar ta tsallake sharaɗin doka, kashi 51 rye, sauran mafi yawa masara, irin Rittenhouse. Wannan ƙanwar bourbon ce, mai shan bourbon ba zai ji baƙunta ba. Akwai kuma mai kashi 95 rye, wadda wata babbar masana'anta a Lawrenceburg ta jihar Indiana, MGP, ta shahara da yi tana sayar wa kamfanoni su sa sunansu. Bulleit Rye mai koren lakabi irin wannan haɗin ce. Ita kam da zarar ka kai hanci za ka san ka bar gonar masara. Asali ma rye ta riga bourbon yin suna, a jihohin Pennsylvania da Maryland, har George Washington, shugaban Amurka na farko, yana da wurin tace ta a gonarsa ta Mount Vernon. Haramcin giya da aka yi a Amurka daga 1920 zuwa 1933 ne ya karya ta, ba ta farfaɗo sosai ba sai a 'yan shekarun nan da masu yin haɗin giya irin su Manhattan da Sazerac suka koma nemanta.

Yanzu batun ɗanɗano. Kada ka ɗauki kwalba ɗaya ka ce za ka gane ta, ba a gane wiski ita kaɗai. Jera su za ka yi, kuma ƙarfinsu ya zama ɗaya, in ba haka ba zafin barasa za ka auna. Idan manajanku ya yarda, jera Maker's Mark da Bulleit Bourbon, wadda rye ɗinta yake da yawa, da Bulleit Rye. A Amurka duka ukun kashi 45 ne, amma duba naku, don wasu kamfanoni suna rage ƙarfin abin da suke fitarwa waje. Lambar da ake rubutawa da kalmar proof ninki biyu ce ta kason barasa, 90 na nufin kashi 45. Nemi kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, zuba kamar cokali biyu a kowanne, ba ƙanƙara, ka bar su su huta 'yan mintuna. Kada ka yi bayan ka ci yaji ko ka fesa turare.

Fara da hanci, kuma kada ka cusa shi cikin kofin ka ja numfashi da ƙarfi. Na sha ganin sabon ma'aikaci ya yi haka, idonsa ya kawo ruwa, ya koma gefe yana atishawa, daga nan har a tashi ba ya jin ƙanshin komai. Riƙe kofin ƙasa da hancinka kaɗan, buɗe baki kaɗan, ka shaƙa a hankali, ka kawar, ka sake. Idan hancin ya gaji, shinshina bayan hannunka ko hannun rigarka, zai dawo daidai. Fara da mai alkama, ka bi da mai yawan rye, ka ƙare da rye zalla, sannan ka koma ta farko. A komawar nan ne za ka ji bambancin ya fito ƙarara, ta farkon ta zama kamar ba ta da ƙaya ko ɗaya. Idan kai ba mai sha ba ne, ka sani yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne yake yin sa. Na yi aiki da wata baiwar Allah da ba ta kai wa baki sam, amma ta fi mu duka iya zaɓa wa baƙo abin da zai so.

Ga wanda zai kurɓa, kurɓin farko ba a yanke hukunci da shi, harshe ne yake sabawa da zafi. Na biyu shi ne na aiki. Ɗan kaɗan, a juya shi ko'ina cikin baki kamar ana tauna. Booker Noe, mashahurin mai yin bourbon kuma jikan Jim Beam, wanda wani babban kamfanin bourbon yake ɗauke da sunansa, shi ya yi suna da wannan taunar har da ɗan tsotsar leɓe, a Kentucky kowa ya san ta. Abu uku ake lura da su: yadda ta sauka a kan harshe, siririya ce kamar ruwa ko mai maiƙo, abin da ya bayyana a tsakiya, da abin da ya rage bayan an haɗiye ko an tofar. Wannan na ƙarshen ni shi na fi ba muhimmanci. Mai kyau tana barin ɗumi da ƙanshi su daɗe suna sauyawa, marar kyau kuwa ta ƙone maka maƙogwaro ta ɓace, ko ta bar ɗaci. Bayan haka ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku ka sake shinshinawa, sau da yawa ƙanshin da zafi ya ɓoye sai ya fito. Masu wannan sana'a tofarwa suke yi, su sha ruwa tsakani, don bayan kofi na huɗu ko na biyar harshe ya daina faɗin gaskiya. A bakin aiki kuwa ba a sha ko kaɗan.

Aibin da za ka fi cin karo da shi biyu ne. Wadda ba ta nuna ba tana warin ɗanyen hatsi ko ɗanyen katako, zafinta a tsaye yake ba zaƙi a bayansa. Wadda ta wuce lokaci a ganga kuma itace ya cinye ta, sai ɗaci da bauri, baki ya ɗaure. Shi ya sa ban yarda da masu cewa yawan shekaru shi ne inganci ba. Wiskin Sikotland tana iya shekara 20 lafiya lau don tsohuwar ganga ake sa ta, sau da yawa ma gangar da bourbon ta bari, ga kuma sanyin ƙasar. Bourbon a sabuwar ganga cikin zafin Kentucky, a wajena tsakanin shekara 6 zuwa 12 ta fi daɗi. Masu alkama sun fi jure daɗewa, rye kuma tana iya yin kyau tun tana da ƙuruciya. Wannan ra'ayina ne, akwai waɗanda za su yi ta gardama da ni har dare.

Kalmomi biyu a jikin kwalba sun fi duk wani adon talla amfani. Idan ka ga Straight, ta yi aƙalla shekara 2 a ganga, kuma idan ba ta kai 4 ba dole a rubuta shekarunta. Idan ka ga Bottled in Bond, dokar 1897 ce, wadda aka kafa lokacin da 'yan damfara suke rina barasa da ruwan taba su sayar da sunan wiski: masana'anta ɗaya, kakar tacewa ɗaya, aƙalla shekara 4, kashi 50 cif. Irin waɗannan ba su cika tsada ba, kuma da wuya su ba ka kunya. Small Batch kuwa, wato wadda aka haɗa daga ganguna kaɗan, doka ba ta faɗi adadin gangunan ba, kowa da abin da yake nufi. Jack Daniel's za a yi ta tambayarka ita. Ce musu ta Tennessee ce, haɗinta kusan na bourbon ne, amma ana tsiyaye ta ta cikin gawayin itacen maple kafin ta shiga ganga, kuma masu ita ba sa kiranta bourbon.

Da baƙo kuma, kada ka haddace jerin ƙanshi ka zazzage masa. Tambaye shi me ya saba sha, kuma mai laushi yake so ko mai yaji. Mai son laushi ka ba shi mai alkama, mai son yaji ka ba shi rye, wanda ya ce Old Fashioned kuma, wato haɗin wiski da ɗan sukari, ka tambaye shi da wacce za a haɗa, don rye tana rage wa sukarin nauyi, bourbon tana ƙara masa. Abu na ƙarshe, tunda a gida kake: jabun giya yana yawo, NAFDAC ta sha kama masu ɗura ta a tsofaffin kwalabe. Duk kwalbar da aka kawo maka daga sito ka duba hatimin murfinta da rubutun lakabinta, idan ka buɗe ka ji warin fenti ko na sinadari maimakon banila da itace, kada ka zuba wa kowa, kai wa manaja.