Amsar Kawu kan libarbar da aka tarar a adaka

Ɗana, saƙonka ya iso. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙurin rashi. Ka ce da kuka buɗe adakarsa don rabon gado kun tarar da ƙaramar bindiga naɗe cikin tsohon rawani, an buga mata WEBLEY da MARK VI da 1917, ga kuma wata alama kamar sawun kaza. Kana so ka san ko ita ce kakanku ya dawo da ita daga yaƙin Bama, da kuma wanda al'ada ta ba wa ita cikin 'ya'ya.

Kafin komai, kada kowa ya taɓa kunamarta, kuma a raba ta da yara. A ɗauka akwai harsashi ciki har sai ido ya gani. Irin wannan libarba karyewa take yi: akwai wani ƙarfe a gefen hagu da ake dannawa da babban yatsa, sai bututun ya sunkuya, ka ga ɗakunan harsashi shida na gangar da ke juyawa. A juya bakinta ƙasa lokacin buɗewa. In tsatsa ta riƙe, a bar ta haka, kada a sa guduma. Tsohon harsashi kuwa ba a jefa shi a wuta.

To, maganar alamomi. Ka samu tsumma da ɗan man keken ɗinki ka goge a hankali. Samfefa ba ta da wuri a nan, don rubutun ba shi da zurfi, kankara kaɗan za ta shafe shi har abada. Ka goga alli a kan haruffan, ka share na sama, farin zai zauna cikin ramin, sannan ka haska da tocila daga gefe, za ka ga abin da hasken rana bai nuna maka ba.

Webley kamfani ne a Birmingham ta ƙasar Ingila. Sojan Ingila sun karɓi samfurin MARK VI a 1915, bututunta inci 6, harsashinta .455. Shekarar 1917 da ka gani ita ce shekarar ƙira, wato tsakiyar yaƙin duniya na farko. Kada wannan ya sa ka ce labarin Bama ƙarya ne. Sojan Ingila sun sauya zuwa ƙaramar libarba ƙirar Enfield mai harsashin .38 a 1932, amma da yaƙi na biyu ya zo makamai suka yi ƙaranci, aka ci gaba da raba tsofaffin Webley. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, inda 'yan ƙasar nan suka yi yawa, sun yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, saboda haka bindigar 1917 tana iya zuwa can tana da shekara kusan 27. Sai dai ka sani, soja na ƙasa doguwar bindiga .303 ake ba shi, libarba galibi ta hafsoshi ce, kuma kusan duk hafsoshin Turawa ne. Ƙarfe yana faɗin ranar ƙirarsa, ba ya faɗin hannun da ya bi.

Sawun kazan nan kan kibiya ne, hatimin da ke nuna kayan gwamnatin Ingila. Duba da kyau: in kibiya biyu ce sun haɗa baki da baki, an sayar da ita daga hannun soja bisa ƙa'ida. In ɗaya ce tak, ba a buga mata shaidar sallama ba. Za ka kuma ga kambi da haruffa biyu a ƙarƙashinsa. VR na Sarauniya Biktoriya ne, har 1901. GR na Sarki Joji ne, amma a nan mutane suke ruɗewa, don Joji na biyar (1910 zuwa 1936) da na shida (1936 zuwa 1952) duk GR suke bugawa, shi kaɗai ba ya yanke shekara. Kambi da BNP hatimin gwaji ne na Birmingham da aka fara a 1954, in yana jikinta to ta shiga kasuwar farar hula a Ingila bayan wannan shekara, ka ga ke nan ba daga Bama aka zo da ita gida ba. FTR kuma yana nufin an mai da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya.

Lambar ƙira tana wuri uku: jikin bindigar, bututu, da ganga. In sun zo ɗaya, yadda aka ƙera ta haka take. In sun saɓa, haɗe-haɗe ce. Ka leƙa kuma ƙarfen bayan ƙota, nan runduna kan buga sunanta. WAFF, wato rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma, ba tare da R ba kafin 1928 ne, RWAFF daga 1928.

Game da al'ada, a ƙasarmu takobi da mashi da kwari da baka akan bar su hannun babban ɗa, amma riƙon amana ne. A shari'a duk abin da mamaci ya bari na magada ne gaba ɗaya, har mata, shi ya sa malamai kan yi wa takobi kuɗi a cire daga rabon wanda ya riƙe. Libarba ba ta shiga wannan layi ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin haramtattun bindigogi, lasisinta sai Shugaban Ƙasa, riƙe ta babu izini ɗauri ne da ba ya gaza shekara 10, kuma tsufanta ko tsatsarta ba hujja ba ce a kotu. Ba kamar bindigar toka ta mafarauta take ba. Abin da ba ya sayuwa a halal ba a yi masa kuɗi a gado.

Ka rubuta duk alamomin a takarda, ka ɗauki hotonsu, a ajiye tare da lambobin yabon kakanku da takardar sallamarsa in suna nan, don su ne za su nuna bataliyarsa da shekarun aikinsa. Hoton kada ya hau Facebook ko WhatsApp. Sannan kai da babban yayanku ku sanar da mai unguwa, shi ya kai ku wurin dagaci, dagaci ya sanar da hakimi da DPO. Kada ka saka ta a aljihu ka hau babur zuwa ofishin 'yan sanda, shingen hanya ba zai saurari bayaninka ba. Su zo su ɗauka a gaban shaidu, ku karɓi takarda mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata.