Amsa: kar ka yi wa had dis ɗin nan lo-lebel fomat a BIOS

Malam, ka ce tsohuwar kwamfutar makarantarku tana nuna bad sekta (wato wuraren da suka lalace a had dis, ma'ajiyar fayilolinta), wai wani ya ce ka shiga BIOS (shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin ta gama tashi) ka yi wa had dis ɗin lo-lebel fomat, wato sake shata mata layukan ajiya tun daga tushe. Don Allah dakata tukuna, fara buɗe akwatin ka duba kebul ɗin had dis ɗin. In guda ɗaya ne mai faɗi mai fil 40 to had dis ɗin irin da ake kira IDE ce, ita tun daga kamfani ake shata mata layukanta, wancan zaɓin na BIOS an yi shi ne don tsofaffin had dis irin MFM na shekarun 1980 masu kebul biyu, su ne kuma aka riƙa yi wa da umarnin DEBUG a DOS, tsohon tsarin sarrafa kwamfuta. Ka matsa wa tsohuwar IDE da shi, wallahi za ka iya kashe ta gaba ɗaya.

Abin da kake buƙata kawai a cike ta da sifili, manhajar SeaTools ko DBAN daga CD za ta yi maka wannan aikin. Amma kwashe fayilolinka tukuna don komai zai tafi, kuma kar ka dogara da wutar ƙauyen nan, tada janareta da isasshen mai saboda aikin yakan ci awanni. Bayan nan sai ka rarraba ta da umarnin FDISK, ka yi mata fomat na yau da kullum. In kuwa kana jin tana ƙas-ƙas a ciki, kwananta ya ƙare, shiga Kano ka nemo wata a Beirut Road.