Daga tsintar hatsin daji zuwa zaɓen iri: amsoshi ga manoma

Tambaya: Ana yawan gargaɗinmu da kada mu ajiye iri daga gyauro ko daga hatsin da ya zube a ƙasa. Mene ne aibinsa, tunda mutanen farko ma a daji suke tsintar abincinsu?

Amsa: Gaskiya ne sun daɗe suna tsinta, kuma ba su sha wuya kamar yadda ake zato ba. A shekarun 1960 masanin tsirrai Jack Harlan ya shiga cikin alkamar daji a kudu maso gabashin Turkiyya da laujen dutse, ya riƙa samun kimanin kilo 1 na tsabar hatsi a awa guda. Sai dai alkamar daji da zarar ta nuna zangarniyarta take tarwatsewa, ƙwayoyin su watse a ƙasa, domin ta haka take shuka kanta. Jefi-jefi akan sami wadda ke riƙe ƙwayarta har bayan ta bushe, kuma ita ce mai lauje ya fi kwasowa zuwa gida. Da ya fara ware wani abu daga ciki yana shukawa, sai ya zama ita yake yawaitawa ba tare da ya sani ba.

An fara wannan ne kimanin shekaru 11,500 da suka wuce a yankin kogunan Dijla da Furat da kwarin Jodan, kuma an ɗauki wajen shekaru 2,000 kafin alkama da sha'ir masu riƙe ƙwaya su rinjayi na daji a gonaki. Irin wannan canjin ya faru ga shinkafa a kwarin Yanzi na ƙasar Sin. Saboda haka wanda ya share ƙasa ya tara iri, aikin nan yake mayarwa baya, domin abin da ya fi saurin zubewa shi ya zaɓa.

Abin da ya dace shi ne ka shiga gonarka kafin girbi, ka nufi tsakiyarta inda ba a cika samun gauraya da shukar maƙwabta ba, ka sa alama a kan zangarniyoyi cikakku marasa cuta waɗanda suka nuna a lokaci ɗaya. Ka ɗebo daga tsirrai masu yawa, kada ka tsaya a kan biyu ko uku komai kyansu, sannan ka shanya su daban. Wannan shawara ba ta shafi irin da kamfani ya samar ta hanyar auren iri biyu ba, domin 'ya'yansa ba sa fitowa bai ɗaya.

Tambaya: Noma ne ya zaunar da mutum wuri ɗaya, ko kuwa zaman ne ya haifar da noma?

Amsa: A yankin Dijla da Furat da kwarin Jodan dai zaman ya riga noma, kuma a ganina ajiya ce ta ɗaure mutum. A Dhra, kusa da Tekun Gishiri a Jodan, an tono rumbuna masu kimanin shekaru 11,300, waɗanda aka gina tun hatsin da ake zubawa a ciki na daji ne. Kewayayyu ne, faɗinsu wajen mita 3, an kafa duwatsu masu tsaga aka ɗora itatuwa a kai domin daɓen ya tashi daga ƙasa, iska ta ratsa, danshi da ɓera su rasa hanya. Wanda ya tara abincin shekara ba ya tafiya ya bar shi. Dabarar ba ta tsufa ba: ka ɗaga ma'ajiyarka daga ƙasa, kuma kada ka zuba hatsi sai ka ciji ƙwaya ka ji ta fashe da ƙara.

Tambaya: To, rayuwa ta yi sauƙi bayan an koma noma?

Amsa: Jama'a ta ƙaru, amma jiki ya ji. Ƙasusuwan da aka tono a Abu Huraira ta Siriya, musamman na mata, sun nuna lalacewar manyan yatsun ƙafa da gwiwoyi da ƙugu saboda durƙuso a gaban dutsen niƙa. A wurare da dama tsawon mutane ya ragu, ciwon haƙori ya yawaita, domin abinci iri-iri na daji ya koma hatsi ɗaya ko biyu. Manoman yankin sun haɗa hatsinsu da dangin wake, kuma suka soma kiwon awaki da tumaki kimanin shekaru 10,500 da suka wuce.